Magnetiron: Daga Obin ɗin Ɗumama Abinci zuwa Makamin Kakkaɓo Kuramen Jirage

A Daura yau akwai magnetiron da dama, ko da yake kaɗan ne daga masu shi suka san sunansa. Duk gida ko kantin da ke da obin ɗin maikirowef, akwai guda ɗaya a ciki. In obin ya daina ɗumama abinci aka kai wa mai gyara ya kwance murfin, za a gan shi kusa da taransifoma: dunƙulen ƙarfe ne da bai fi cikin tafin hannu ba, da faifan alminiyam jere a jikinsa don ya sha iska, da zoben maganaɗisu guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wutar da yake ci ta kai bolt 4,000, abin da yake fitarwa kuma igiyar maikirowef ce ta wat 700 zuwa 1,000, mai kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa guda. Wannan ƙaramin abu yana da babban wa wanda ba a samun sa a kasuwa. Shekara kusan hamsin ke nan ana gwaje-gwaje a kansa a Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila. Shi bolt dubu 500 ake ba shi, ko fiye, ya fitar da wat biliyan ɗaya, wato ninkin na obin sau miliyan.

Abin da ya kawo maganarsa ƙofar gidanmu shi ne kuramen jirage. A ƙarshen Disambar 2024 rahotanni suka nuna mayaƙan ISWAP sun kai wa sansanin soja na Wajiroko a Jihar Borno hari da ƙananan jirage marasa matuƙa ɗauke da abubuwan fashewa, irin jiragen nan da ake ɗaukar hoton biki da su. A Mali da Burkina Faso masu ɗauke da makamai sun riga sun saba da su. A Sudan, cikin 2025, da kuramen jirage aka kai hari kan tashar lantarki ta madatsar Merowe da kuma birnin Port Sudan. Masarautar Daura ta fi kudanci da yammacin Jihar Katsina kwanciyar hankali, Allah ya ƙara mana, amma a bakin iyaka take: daga Kongolam a Mai'aduwa, ko daga ƙauyukan Zango da Baure, taku kaɗan ne mutum ya shiga Nijar. Jirgin da ke tashi sama bai san shingen kwastan ba.

Matsalar kare kai daga waɗannan jirage ta kuɗi ce. Ba a iya harba makami mai linzami na ɗaruruwan dubban daloli kan jirgin da aka saya da 'yan ɗaruruwa, balle in sun zo garke guda. Na'urorin toshe sigina suna aiki, amma a yaƙin Yukren an fito da jirage masu jan siririn zaren gilashi a bayansu, umarni yana bi ta cikin zaren, babu siginar da za a toshe. Daga nan hankali ya koma kan makamin da ba ruwansa da sigina, wanda zai watsa igiyar maikirowef mai tsananin ƙarfi ta shiga cikin jirgin ta rikita ko ta ƙona kayan lantarkinsa. Babban magnetiron na cikin manyan na'urorin da ake sa ran su samar da wannan igiya.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A tsakiya akwai sanda, ita ce katod, mai sakin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Kewaye da ita akwai zoben jan ƙarfe, anod, wanda aka fafe wa ɗakuna a jikinsa, kowane ɗaki bakinsa na fuskantar sandar. Tsakaninsu an zuƙe iska ƙaf. Da babu maganaɗisu, ilektiron zai tashi daga sanda ya faɗa kan zobe kai tsaye, shi ke nan. Maganaɗisu ne ke lanƙwasa masa hanya, ya tilasta masa kewaya sandar, yana wucewa ta bakin ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya. Kamar yadda yaro ke hura iska a bakin kwalba ta yi ƙara, kuma girman kwalbar ne ke yanke kaurin muryar, haka gudun ilektiron a bakin ɗakunan ke tayar da kaɗawar lantarki a cikinsu, girman ɗaki kuma ya yanke yawan kaɗawar. Da kaɗawar ta kankama sai ita ma ta juyo ta tattara ilektiron rukuni-rukuni, kowane rukuni yana isa bakin ɗaki daidai lokacin da zai ƙara mata ƙarfi.

Albert Hull na kamfanin General Electric ne ya fito da asalin na'urar a farkon shekarun 1920, masana a Japan da Jamus da Tarayyar Sobiyet kuma suka yi ta gyara ta. Amma wanda ya sauya tarihi shi ne na John Randall da Harry Boot a Jami'ar Birmingham ta Ingila, mai ɗakuna shida, wanda ya fara aiki a Fabrairun 1940 da wat kusan 400. Cikin watanni aka kai shi kilowat goma, a Satumbar shekarar aka kai samfurinsa Amurka, ya zama zuciyar radar a Yaƙin Duniya na Biyu. Percy Spencer na kamfanin Raytheon ne ya gano a 1945 cewa yana dafa abinci. Mafarkin mayar da shi makami ma tsoho ne: sojojin Japan sun ɓatar da shekarun yaƙin suna neman hasken da zai kashe daga nesa da manyan magnetiron, ba su kai ga komai ba.

Sabon babi ya buɗe a 1976 a cibiyar MIT ta Amurka, lokacin da George Bekefi da ɗalibinsa Thaddeus Orzechowski suka ɗauki tsarin nan na zamanin yaƙi suka jona shi da injin da ke sakin bolt dubu 360 a bugu ɗaya. Suka samu ɗaruruwan megawat na maikirowef. Samfurin mai ɗakuna shida da Bekefi da Alan Palevsky suka bayyana a 1979, wanda suka sa wa suna A6, har yau shi ne abin da masu bincike ke gwada sababbin dabarunsu a kai. A daidai lokacin, a birnin Gorky na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Kovalev da Mikhail Fuks da abokan aikinsu sun ƙera nasu a 1977, wanda ɗakunansa ke buɗewa a hankali su zama bakin ƙaho, igiyar ta fita ta gaba maimakon ta gefe. A Tomsk ta Saiberiya ma an yi aiki mai yawa.

Bambancinsa da na obin ya fara daga gudu. A bolt 4,000 ilektiron yana tafiya da kusan kashi 12 cikin 100 na gudun haske. A bolt dubu 500 yana kai kashi 86, kuma a nan lissafin da aka saba ya daina wadatarwa, sai an shigo da ƙa'idar Einstein, domin ƙwayar tana turjiya kamar nauyinta ya kusa ninkawa. Bambanci na biyu ya fi muhimmanci. Katod ɗin obin waya ce da ake zafafawa ta saki ilektiron a natse. Babu wayar da za ta ba da amfiya dubu goma ta wannan hanya. Don haka a babban magnetiron sandar sanyi ce, ta gawayin girafait ko ƙarfe ko zaren kabon. In bugun wutar ya sauka, ƙananan tsinayen da ke fatar sandar, waɗanda ido ba ya gani, sai su fashe su zama filasma, wato tururin da ya yi zafi har ƙwayoyinsa suka rabu suka zama masu ɗaukar lantarki. Daga wannan tururi ake zuƙo duk ilektiron ɗin da ake buƙata.

To, wannan filasma da ke ba na'urar rai ita ce kuma ajalinta, kuma a nan ne duk wahalar binciken take. Ba ta tsayawa a jikin sanda. Tana bazuwa da gudun santimita ɗaya zuwa 'yan santimitoci a kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, alhali tazarar da ke tsakanin katod da anod ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Tana bazuwa tazarar na raguwa, daidaiton da ke tsakanin ƙarfin wuta da na maganaɗisu yana gocewa. A ɗaya gefen, ilektiron da ke dukan anod suna fitar da ruwa da gas da suka maƙale a fatar ƙarfen, su ma su zama filasma. Sakamakon shi ne abin da duk mai wannan aiki ya gani a allon ma'auninsa: layin wuta yana nan miƙe, injin bai gama bayarwa ba, amma layin maikirowef ya tashi ya faɗi tun da wuri. Galibi ba ya wuce nanosakan 100, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. A cikin wannan lokaci haske kansa mita 30 kawai yake ci. Kuma abin da aka lura da shi shekara da shekaru shi ne, duk lokacin da aka ƙara ƙarfi sai lokacin ya ƙara gajarta.

A nan ya kamata mai karatu ya yi lissafi da kansa, domin alƙaluman wannan fanni suna ruɗi. Gigawat ɗaya megawat 1,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da babban layin lantarkin Najeriya ke rarrabawa a rana mai kyau. Amma gigawat ɗaya na tsawon nanosakan 100 jul 100 ne kacal, abin da ƙwan fitila mai wat 10 ke ci a daƙiƙa goma. Ba zai ɗumama kofin shayi ba. Abin da ya sa yake ɓarna duk da haka shi ne kayan lantarkin zamani ba su da juriya. Igiyar tana shiga ta eriya, ko ta wayoyin mota da na batir, ko ta tsagar akwati, ta haifar da bolt ɗin da ya fi ƙarfin siraran hanyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Ɗan kaso kaɗan na jul ɗaya ya isa ya kashe ta, ko ya sa ta ruɗe na 'yan daƙiƙu, wanda ga jirgin da ke sama daidai yake da faɗuwa.

Matsala ta biyu asara ce. Magnetiron ɗin obin yana mayar da kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa maikirowef. Babban wansa a yawancin gwaje-gwaje tsakanin kashi 10 ne da 30. Wasu ilektiron suna zurarewa ta ƙarshen sandar ba su yi aikin komai ba. Sannan ɗakunan suna iya kaɗawa ta salo fiye da ɗaya, salon kuma suna kokawa da juna a farkon bugu. Kafin wanda ake so ya yi rinjaye, rabin ɗan lokacin da ake da shi ya tafi.

Maganin da aka samu ga waɗannan matsaloli shi ne ɓangaren da ya fi burge ni, domin kusan dukkansu aikin hannu ne da lura. A 2005 Mikhail Fuks, wanda ya riga ya koma Jami'ar New Mexico, shi da Edl Schamiloglu suka ce a daina amfani da dunƙulalliyar sanda, a jera siraran sanduna a da'ira da fili tsakaninsu, yadda igiyar za ta ratsa har tsakiya ta kama ilektiron tun daga tushe. Kaɗawar ta riƙa tashi da sauri. Injin da suke gwaji da shi, SINUS-6, a Tomsk aka ƙera shi, abin da ba zai yiwu ba a zamanin yaƙin cacar baka. A ɗakin binciken sojojin saman Amurka da ke Kirtland an gano cewa zaren kabon da aka shafa wa gishirin siziyam ayodaid yana sakin ilektiron ba tare da tururi mai yawa ba. Wasu suka duƙufa kan tsafta: a goge ƙarfe, a gasa na'urar na sa'o'i don ruwan da ke jikinta ya fita, a inganta famfon zuƙe iska. A cibiyar Technion ta Haifa a Isra'ila, rukunin Yakov Krasik sun raba katod gida biyu, suka tsare ilektiron a tsakani, don wurin da filasma ke tashi ya yi nisa da wurin da ake haifar da igiya. A 2010 lissafin kwamfuta na Fuks da Schamiloglu ya nuna tsohon tsarin Gorky zai iya kai kashi 70. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun rage tazarar, amma abin da kwamfuta ta zana daban, abin da ƙarfe ya yarda da shi daban.

Awo kansa fanni ne. Babu mitar da za a ɗora wa gigawat. Ana ɗibar ɗan mitsitsin kaso ne na igiyar, a rage shi sau miliyoyi, a auna, sannan a ninka a lissafi. Ƙaramin kuskure a wannan ragewa yana iya ƙara wa sakamako kashi ɗaya cikin huɗu, babba kuma ya ninka shi biyu. Shi ya sa ƙwararru ba sa gamsuwa da adadi sai an tabbatar da shi ta hanya ta biyu, kamar auna zafin da igiyar ta bari a cikin abin da ya shanye ta. Ga kuma haɗari: ilektiron mai bolt dubu 500 in ya daki ƙarfe yana fitar da hasken eksire mai ratsa jiki, don haka ana harbawa ne daga wani ɗaki, bayan bangon kankare da dalma.

Sai nauyi. Magnetiron ɗin kansa mutum ɗaya zai ɗauka. Abin da ke bayansa ne kaya: jerin kafasita da ake cajawa a jere ɗaya a sauke su a wani jeren, dabarar da Bajamushe Erwin Marx ya fito da ita a 1924, da tankin man taransifoma, da naɗin wayar maganaɗisu, da famfo. Eriya ma dole ta yi faɗi, domin iska tana tsagewa ta yi tartsatsi a wajen bolt dubu 30 kan kowace santimita. Na'urar Orion, wadda kamfanin Physics International na Kalifoniya ya ƙera wa Ma'aikatar Tsaron Birtaniya a tsakiyar shekarun 1990 da magnetiron guda huɗu, kwantenoni da dama ta cika. Kuma abin lura, ba don harbin abokin gaba aka saye ta ba. An saye ta ne don a gwada kayan sojan Birtaniya a ga wanne zai jure.

Yau an kai ga makamai na gaske. A 2012 Boeing da sojojin saman Amurka suka gwada CHAMP a hamadar Utah, makami mai linzami da ya bi ta kan gine-gine yana kashe kwamfutocin ciki. Makamin THOR, wanda ke cikin kwantena guda, ya kakkaɓo garken kuramen jirage a gwajin Afrilun 2023 a Kirtland. Birtaniya ta sanar da irin wannan gwaji a Wales a Afrilun 2025, da zangon kusan kilomita ɗaya. Sin ta baje kolin nata a Zhuhai a 2024. Sai dai magnetiron ya samu kishiya. Kamfanin Epirus ya gina makaminsa Leonidas da tarin ƙananan taransista na galiyam naitiraid, babu zuƙe iska, babu filasma, kuma a Janairun 2023 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba shi kwangilar dala miliyan 66. Ƙarfin bugunsa bai kai na magnetiron ba, amma yana daɗewa, yana maimaitawa, ana kuma juya shi da manhaja. A ganina, wajen kare sansani ko filin jirgi daga ƙananan jirage, taransista na iya yin gaba. Inda ake son bugu mai tsanani daga nesa kuwa, magnetiron da danginsa ba su da magaji tukuna.

Ina Daura a cikin wannan? Ba na ganin hikima a ce Najeriya ta yi gaggawar sayen irin wannan makami, balle ta ce za ta ƙera gigawat gobe. Igiyar maikirowef ba ta tantance jirgin ɗan ta'adda da wayar mai sayar da shanu. A yi tunanin an harba ta kusa da kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi: wayoyi, na'urorin POS, inbatar sola, na'urar famfon burtsatse, duk suna cikin abin da za ta iya taɓawa. Mutanen ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layukan waya a Satumbar 2021 sun san abin da rashin sadarwa ke yi wa ciniki da jinya, ga shi nasu ma katsewa ce kawai, ba ƙonewar kaya ba.

Ƙofar da ta dace da mu ita ce ta kariya da ta gyara, kuma Daura na da inda za ta fara. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura zai bi, kuma jirgin ƙasa na zamani da siginar lantarki da rediyo yake tafiya. Tarayyar Turai ta ɗauki wannan da muhimmanci har ta kafa shirin bincike mai suna SECRET daga 2012 zuwa 2015, kan yadda za a kare layukan dogo daga harin igiyar lantarki. Wannan tambaya ce da ta dace da jami'ar sufuri: wane akwati ne ke tare igiya, wace waya ce ke shigo da ita, ta yaya ake aunawa. Ba kuma daga sifili za a fara ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana sarrafa ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, ta san aikin kariya daga haske mai cutarwa. Injiniyoyin Sojojin Sama sun fito da kurman jirgi Tsaigumi a Kaduna a 2018. Ko a labarin tarihin Daura, sai da Bayajidda ya biya ta wurin maƙeran Gaya kafin ya isa rijiyar Kusugu.

Kuma akwai hujjar cewa ana iya yin bincike na gaske da ƙaramin abu. A 2003, a Jami'ar Michigan, Bogdan Neculaes da Ronald Gilgenbach da Y. Y. Lau suka ɗauki magnetiron ɗin obin na kasuwa, suka manna wasu ƙananan maganaɗisu a gefen zoben maganaɗisunsa, yadda ƙarfin ya zama ba daidai ba a kewaye. Hayaniyar da ke gurɓata igiyar ta faɗi ƙwarai, kaɗawar kuma ta riƙa tashi da wuri, domin rashin daidaiton ya taimaka wa ilektiron su rabu rukuni-rukuni tun farko. Daga baya suka kai dabarar kan babban magnetiron ɗinsu. Abin da gwajin farko ya buƙata shi ne magnetiron irin wanda ke kan teburin mai gyara, da bututun ƙarfe mai kai igiya, da tankin ruwa mai shanye ta, da na'urar tantance kaɗawa, wadda ita ce mai tsadar, da malamin da ya san cewa taransifoma da kafasitar obin suna kisa, kafasitar ma tana iya riƙe wuta bayan an zare filogi.

Ɗalibin da ya koyi wannan ba sai ya jira makami ba kafin iliminsa ya yi amfani. A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Injunan gashin daji na zamani da igiyar maikirowef suke ingiza ilektiron, kuma abin da ke samar da igiyar, mai ƙarfin 'yan megawat, a wasu injuna magnetiron ne, a wasu kuma ɗan'uwansa kilaistiron. Kayan suna tsufa, sai an sauya su an sake daidaita injin. An daɗe ana kuka a Najeriya cewa injunan gashi suna tsayawa makonni ko watanni, sau da yawa don jiran kayan gyara da injiniyan da za a kira daga nesa, majinyacin da ya taso daga Sandamu ko Baure kuma jinyarsa ba ta son tsaiko. Injiniyan da zai rage wannan jira, iliminsa ɗaya ne da na masu binciken New Mexico da Tomsk: zuƙe iska, babbar wuta, maganaɗisu, da awo na gaskiya.